Batirin da ke Kwana a Masallaci

Cikin shekarun da na yi ina aikin wutar mota a garejin Bodinga, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Alhaji Bello na Dandin Mahe ya kawo a-kori-kurarsa, lokacin cirar albasa. Turo ta aka yi kafin ta tashi, har lodinsa ya rasa kasuwa. Ya ce ba yau farau ba: a ajiye mota lafiya da yamma, da safe batir ya yi sanyi. Zarginsa ya tafi kan direbansa Umaru, wanda ya daɗe tare da shi, wai yana musanya batirin da tsoho. Har ya ƙudurta sallamarsa.

Na auna caja, na'urar da ke cika batir in mota na tafiya, tana aiki. Na bi wayoyi ko akwai inda wuta ke zurarewa, ban samu ba. Batirin kuma shi ne dai wanda Alhaji ya saya, ba a musanya shi ba. Amma kan batir ya sha sifana, alamar ana yawan kwance shi. Abin ya ɗaure mini kai, don ɓarawo ba ya dawo da abin da ya ɗauka.

Motar tana da alam, wato jiniyar tsaro. Alhaji ya tambaye ni dalilin da ba ta taɓa kuka ba. Na bayyana masa cewa daga babban batir take shan wuta, kuma ƙofofi kaɗai take gadi. Bonet ɗin tsohuwar motar kuwa daga waje ake buɗe shi, da an cire waya jiniya ta mutu. Na roƙe shi ya dakata da maganar Umaru, ya bar ni in gwada wani abu.

Ga yadda aikin yake, ku masu koyo. Na samo ƙaramin batirin babur na ɓoye bayan kujera, na haɗa shi da alam. Tsakaninsa da babban batir na sa dayod, wani ɗan ƙarfe mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai: ƙaramin zai sha caji, amma kik mai tayar da inji ba zai zuƙe shi ba. Na ƙara fiyus don gudun gobara, sannan na saita ta yadda da an yanke babban batir za ta tsala kuka. Da yake ina son ganin ƙarshen abin, na hau babur na bi su Dandin Mahe.

Gab da magariba muna zaune a zauren Alhaji, sai jiniya ta ɓarke. Muka fito da gudu. Malam Shehu ne, yayan Alhaji, ladanin masallacin unguwa, tsaye da batir rungume a ƙirji. Bai gudu ba, bai ajiye ba. Motar yake kallo.

"Wanga abu ina yaka samun wuta," in ji shi, "ga batir hannuna?"

Alhaji ya kashe jiniya, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, mi ya hana ka gaya min?"

Ashe batirin solar masallaci ne ya mutu. Malam ya tsufa, muryarsa ba ta kai bakin fadama inda manoma suke. Shi ne yake aron na mota ya kunna lasifika da fitila, ya mayar bayan asuba tun ƙanen nasa bai fito daga masallaci ba. Ya ce Bello ya riga ya yi wa masallacin rufi, yana jin nauyin sake tambayarsa. Bai san aron ne ke hana mota tashi ba, balle ya san ana shirin korar Umaru. Da ya ji haka, da kansa ya taka gidan Umaru ya nemi gafara, Alhaji na biye da shi.

Washegari Malam ya sa na ɗaga kujera na nuna masa ƙaramin batirin da dayod, yana ta tambayoyi kamar zai koyi sana'ar. Alhaji ya saya wa masallaci sabon batir, ni na ɗaura.

Tun daga ranar, in mutum ya kawo mini mota tare da sunan wanda yake zargi, motar nake karɓa, sunan kuwa in ce ya riƙe tukuna. Awonmu yana nuna inda wuta ta tafi, amma dalilin tafiyarta sai an je an tambayi mutane.