Ɓerayena da Abincin Kaji

Shekarar da na fara karatun digiri na biyu, Inna ta zame a bakin famfo a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ta karye a wuyan hannu. Faɗuwar ba ta kai ta kawo ba, amma aka yi wata da watanni ƙashin bai kama ba. Likita ya ce haka ƙashin mata yake yi idan jinin al'ada ya ɗauke: ya yi ta zaizayewa daga ciki har ya koma kamar soso. Da na samu malamin da ke duba aikina, na ce masa a kan wannan zan yi bincike. Da wata irin murya na faɗa, ta wadda za ta ceci tsofaffin Kano gaba ɗaya.

Malam ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ba a gwaji da mutane, da fararen ɓeraye mata ake yi. Likitan dabbobi zai yi wa rabinsu tiyata ya cire musu ma'ajiyar ƙwai, jikinsu ya koma kamar na tsohuwa. Sai a ɗora su duka a kan abinci na musamman, wanda aka rage wa sinadarin da ke gina ƙashi. Bayan 'yan watanni a yi musu allurar barci, a karya ƙashin ƙafa ɗaya, a sa masa siririn ƙarfe, a riƙa ɗaukar hoto ana kwatanta yadda kowane rukuni yake warkewa.

Ni da nake hawa kujera in na ga ɓera a kicin, sai ga ni kullum da safe ina share musu keji, ina auna nauyinsu, har ina yi musu sannu.

Ana cikin wata na biyu abincin ya ƙare. An gaya mini tun da wuri in yi odar wani, na manta. Kunya ta hana ni gaya wa Malam. Na hau adaidaita zuwa kasuwar Tarauni, wajen masu abincin dabbobi. Mai shagon ya tambaye ni, “Hajiya, na kajin nama ko na masu ƙwai?” Na yi tunani irin na masu ilimi: ai ɓerayena mata ne. Na ce ya ba ni na masu ƙwai. Suka kuwa karɓe shi hannu bibbiyu, suka yi ɓul-ɓul, gashinsu har ƙyalli yake. Da na ga haka ban sake bi ta kan odar ba.

Aka yi aikin karayar, aka fara ɗaukar hotuna. Sai ga abin mamaki: waɗanda aka yi wa tiyata suna warkewa kusan daidai da sauran. Maimakon gabana ya faɗi, sai kaina ya kumbura. Na ƙudurta a raina cewa na gano abin da ya gagari masana: ɓerayen Kano ƙashinsu daban ne. Har na fara tsara yadda zan tsaya a taro ina amsa tambayoyi. Malam dai ya ɗaga hotunan ya daɗe yana kallo, ya ce in sake duba komai daga farko. A zuciyata na ce, dattijo ne, sabon abu yana yi masa wuyar karɓa.

Ran nan na sayo sabon buhu da yamma, na biya da shi gida don in wuce da shi makaranta da safe. Inna tana zaune a tsakar gida, hannun nan a kan cinya. Ta yi shekaru tana kiwon kaji a bayan ɗaki kafin ta karye.

“Kaji za ki fara?” ta tambaye ni.

“Na ɓerayena ne, Inna.”

Ta sa na kwance bakin buhun. Ta ɗebo da hannunta mai lafiya, ta murza, ta nuna mini wasu fararen ɓarɓashi a tafinta.

“Kin ga wannan? Garin ƙashi ne da ɓawon katantanwa. Shi ake zuba wa kaza don ɓawon ƙwanta ya yi ƙwari. Ba kin ce so kuke ƙashinsu ya yi rauni ba?”

Na tsaya riƙe da igiyar buhun. Ta dube ni, ta dubi buhun, ta ce, “Wata nawa suna ci?”

“Uku.”

“Allah sarki. To ai su kam sun ji daɗinki.”

Washegari na shiga ofishin Malam da ɗan abincin a leda. Na fara kewaye-kewaye, ina jero manyan kalmomi. Ya ce in ajiye ledar a tebur. Ya taɓa da yatsa, ya cire tabarau ya goge. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Dabbobin nan an yi musu tiyata, an karya musu ƙafa, don mu koyi wani abu. Yanzu me muka koya?”

Na fita na je ɗakin ɓerayen, na tsaya gaban kejin na yi kuka sosai, su kuwa suna ta cin abincinsu na kaji.

Sai da na rubuta wa kwamitin kula da dabbobin gwaji bayanin abin da na yi, da hannuna, kafin aka ba ni izinin sake farawa. Abokan karatuna suka gama suka bar ni, na ƙara kusan shekara. A karo na biyu Malam ya sa na riƙa kawo masa takardar jikin kowane buhu yana sa hannu. Sakamakon ya fito yadda kowa ya sani tun kafin a haife ni: ƙashin da ya zaizaye ya fi jinkirin kamawa, kuma inda ya haɗe ba ya yin ƙarfi sosai. Da wannan na samu digirina.