Jinin da aka ƙara wa jikata

Shekarar da kogin Komadugu ya cinye mana gonar tattasai, bayan saukar 'yan gudun hijira a Asaga, jikata mai shekara huɗu ta ɗashe fat. Lokotoro a Diffa ya ce kansar jini ce, sai an ƙara mata jini kafin a kai ta Yamai. 'Ya'yana maza huɗu suka noƙe, wai wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara ɗaga buhu.

Na miƙa hannuna. Malamar asibiti ta ce, "Iya, kin tsufa."

Na ce, "To ɗebi nasu, ai ni na zuba musu shi."

Duk huɗun suka matso, kai a sunkuye. Babbansu ya rasu bara. Ukun suna nan, yarinyar kuma tana aji uku.