Shaidar da Na Hana Baƙona

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, abin da zan faɗa kuwa ya auku shekara tara da suka shige. A wancan zamani ni falken busasshen kifi ne a kasuwar Baga Road, mazaunin Yerwa, mutumin da idan ya yi gyaran murya a majalisa sai kowa ya yi shiru. Na sauke Alƙur'ani, na taɓa littattafan fiƙihu, amma ban yi boko ba. Da fitina ta toshe hanyar tafkin da muke saro kaya, kifi ya yanke, masu ba da agaji suka cika gari, sai suka nemi dattijon da zai zama tsani tsakaninsu da unguwarmu. Na karɓi aikin, na kuma shiga ajin manya bayan la'asar, ina koyon Turanci da furfurata.

Suka ba ni kati na rataya a wuya, an rubuta sunan muƙamin a jiki, wato liaison. Ni kuwa na riƙa kiransa layason, yadda idona ya ga baƙaƙen, ina maimaita shi a ko'ina da alfahari. A lokacin akwai wani tela ɗan gudun hijira daga Gamboru da na ba ɗakin zaurena, shi da iyalinsa. Ya ji Faransanci domin ya daɗe yana yi wa mutanen tsallaken gada, wato ƙetaren iyaka, ɗinki. Wata rana muna zaune a gindin dogonyaro tare da bulama, wato mai unguwarmu, da liman, sai telan ya rusuna, ya kira ni Baba Alhaji, ya ce kalmar asalinta ta Faransa ce, Ingilishi aronta suka yi, liyezon ake cewa. Bulama, da yake abokin wasana ne, ya ce ashe wata uku ina yawo da suna a wuya ban san kiransa ba. Aka yi dariya, ni ma na murmusa. Washegari na tambayi malamarmu a keɓe, ta ce telan ne da gaskiya. Wannan tabbaci ya fi dariyar yi mini ciwo.

A shekarun nan, duk baƙon da ya sauka a unguwa sai mai masaukinsa ya tsaya masa a gaban jami'an tsaro masu tantancewa. Da suka zo unguwarmu, aka kira ni ɗakin bulama, telan yana waje yana jira. Aka tambaye ni ko na san shi, ko na tsaya masa. Na ce masauki na ba shi domin Allah, amma ban san abin da ke zuciyarsa ba, kuma na lura harshensa ya karkata ga tsallaken iyaka. Babu ƙarya a cikin maganata, sai dai na san nauyinta a wannan lokaci sarai. Aka tafi da shi.

Ya kusa wata biyu a tsare. Kullum da safe matarsa takan durƙusa ta gaishe ni, ta roƙe ni in yi amfani da katin nan nawa in bincika mata. Sai da liman ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce in gaya masa laifi guda ɗaya na bawan Allahn nan ban da wanda ya yi a gindin dogonyaro, sannan na je na ba da shaidar da ta kamata tun farko. Aka sake shi ba a same shi da komai ba. Ya dawo a rame, har ba ya iya zura zare a allura. Ya kama hannuna biyu, yana hawaye, yana gode mini da na fito da shi. Na karɓi godiyar. Daga baya suka koma wurin dangi a Jiddari Polo, can ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Na gane cewa dattijon da ba ya jure gyara abin tsoro ne, musamman idan an sa rayuwar wani a bakinsa. Ina gargaɗin 'yan'uwana masu furfura: duk wanda aka kira shaida alhali yana da ɗaci a ransa, ya wanke zuciyarsa kafin ya yi magana, ko ya roƙi a nemi wani.

Mutum biyu ne suka ji abin da na faɗa a ɗakin nan, ban da masu tambaya. Bulama ya riga mu gidan gaskiya. Liman yana raye, kuma har yau a bayansa nake salla.