Kwanuka Ukun da Malam Shitu Ya Manta

Shekara ashirin da biyu Malam Shitu yana koyar da lissafi a wata sakandare ta wajen Dandume, yana zuwa kan tsohon babur daga Mahuta. Mutum ne mai tsantseni, har ya so ya yi yawa. Ko gaisuwa ce sai ka ga kamar a gwade yake yin ta.

Akwai darasin da ya fi ƙauna, na yadda abu ke canzawa saboda wani abu ya canza. Da ya ga sunayen littafi suna ruɗa yara, sai ya raɗa nasa. Na farko ya ce masa bi-ni-in-bi-ka: kadada ɗaya buhu uku na taki, kadada biyu buhu shida, ba kadada ba taki. Na biyu kuwa mai gindi. Yakan ce, "Ku dubi amalanke. Kowane buhu na ƙara mata nauyi, amma ko an sauke kayan duka, nauyinta na nan. Wanda ya manta da gindin nan, sifili ne rabonsa." Kuma ya sha bayar da sifilin, ba ya ko ƙifta ido.

Bara ya sami masara buhu goma sha shida. Ya zauna da biro: baki tara ne a gidan, tiya ɗaya da rabi ta ishe su a rana, buhu goma zai kai su sabuwar kaka. Shidan da suka rage ya kai Funtua ya yi musanya da taki. Bai tambayi Adama ba. Ina malamin lissafi zai tambayi matar da ta tsaya a aji huɗu na firamare?

A tsakiyar Yuli, masara ko bunni ba ta fara ba, ya leƙa ɗakin ajiya ya tarar da rabin buhu. Saura wata biyu cur.

"Adama, ina masarar nan ta tafi?"

"Ciki ta tafi, Malam. Tiya biyu nake awo kullum tun da ka auro ni."

"Mutum tara, tiya biyu?"

"To, da kwanukan waje fa?"

Sai a lokacin ya tuna. Kowace magariba kwano uku na tuwo ke fita daga gidan: na liman, na Malam Isah makaho, da na Tsohuwa, gwauruwar da ke bayan katangarsu. Ko gidan ya cika ko ya watse, ukun nan ba sa motsi. Gindin ke nan, kuma shi ya manta da shi. Kunya ta kama shi, sai ta juye ta zama faɗa.

"Daga yau a tsayar da su har kaka."

Adama ta ci gaba da tankaɗe. "Kai za ka je ka faɗa wa Tsohuwa? Shekarar da babanku ya rasu, da kwanonta Inna ta raine ku. Ita Innar ta ba ni labari. Ni dai bakina ba zai iya ba."

Bai je ba. Ya roƙo buhu guda wajen ƙanensa, ya san ba zai kai ba, ya zuba ido. Mako biyu suka wuce, sai ya ga masarar tana tafiya a hankali fiye da yadda ya zata. Har ya fara murna, ya ɗauka an bi umarninsa a ɓoye.

Wata Laraba ya dawo da wuri, ya zauna bakin madafa ana kwasar tuwo. Kwano uku suka fita kamar kullum, a cike. Ya ƙirga malmalar da ta rage wa mutanen gida. Ya sake ƙirgawa, shi da ba ya ƙirga abu sau biyu. Takwas ce.

Adama ta kankare ƙanzon tukunya, ta jiƙa shi da ruwa, ta koma gefe ta juya masa baya. Sai yanzu ya lura ta rame, zanenta ya ƙara zagaye a ƙugu.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Ci tuwonka, Malam, zai huce," in ji ta. "Ai kai ka ce a rage wani abu. Na rage wanda nake da iko da shi."