Ƙasan Takalmin Maman Auta

Idan ka miƙa wa Mai Takalmi takalminka, ba samansa yake fara dubawa ba. Kifa shi yake yi, ya shafa ƙasan da babban yatsa, sai kawai ka ji ya fara karanto maka rayuwarka. "Kai direba ne, ga dunduniyar dama ta cinye." "Ke kuwa gwiwar hagu na damun ki, kina ɓoyewa." Mutane su yi ta riƙe baki. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki a 'yar rumfarsa ta bayan kwana, tsakanin mai wanki da guga da mai gyaran rediyo, ba a taɓa jin ya yi kuskure ba. Shi ma ya san da haka, shi ya sa ba a raba shi da 'yar fariya.

Gidansa a saman wani tsohon bene yake. Matakala talatin da shida ce, kashi huɗu, tara-tara, tsakanin kowane kashi da na gaba akwai ɗan filin da mutum zai tsaya ya ja numfashi. A nan suka zauna da matarsa, Maman Auta, suka haifi huɗu, suka aurar, har ya rage daga shi sai ita. Mace ce mai kazar-kazar, mai baki kuma, in ya faɗi ɗaya sai ta mayar masa da uku.

Ana nan sai ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Da aka sallamo su daga asibiti, a kan kujera aka hau da ita benen, kowa kuma ya saddaƙar ta gama sauka ke nan. Mai Takalmi ya zauna ya ɗinka mata takalmi da hannunsa, fata mai laushi, maɗauri ɗaya da za ta iya ja da hannun dama, ƙasan kuma baƙar roba mai kauri. Da ya sa mata, sai bakin nan nasa ya motsa.

"Wannan ƙasan sai ya ga jikokin jikokinmu," in ji shi, "tunda daga gado sai banɗaki."

Wasa yake yi, wallahi wasa yake yi. Ta dube shi da idon nan nata ta ce, "Za mu gani, Malam."

Shekara biyu ya yi yana fita da safe, ya dawo da yamma ya same ta a inda ya bar ta. Maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, ita ke leƙa ta da rana. Abu ɗaya ne ya haɗa shi faɗa da Sista, wata farar kujerar roba mai karyayyen hannu da take bari a hanyar bene. Da fari a bakin ƙofarsu take. Bayan watanni ya gan ta a fili na farko, can kuma ta koma na biyu. "Wai kujerar nan yawo take yi ne?" yake cewa. "Wata rana sai ta karya mutum!" Sista ta ce in ta karya shi ita za ta ɗaure.

Wata safiya ya kawo wa Maman Auta ruwan zafi, ya kira ta sau biyu ba ta amsa ba. Allah Ya yi mata rasuwa.

Daga ranar Mai Takalmi ya zauna. Mutumin da a da bakinsa ba ya hutawa, sai ya wuni bai ce uffan ba. Bai buɗe rumfa ba, bai ko leƙa matakala ba. Wata uku yana zaune a gefen gadonta, ƙafafu suka kumbura, gwiwoyi suka ƙage. Ranar da ya faɗi a banɗaki, sai da Sista ta nemo maza biyu suka ɗaga shi.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta zo a rikice. "Baba, ba zan bar ka a nan ba. Nan da wata biyu in an yi wa yara hutu zan zo da mota. Mutumin da ba ya iya sauka daga bene, in wani abu ya faru fa?"

"A nan ta bar ni," ya ce.

"To ka sauka da ƙafarka in gani. In ba haka ba, tafiya za mu yi."

Ya san gaskiyarta ce, kuma ya san in ya bar ɗakin nan ya rabu da ɗan abin da ya rage masa na matarsa. Auta ta fara haɗa kayan mahaifiyarta a kwali. Da ta jawo takalmin daga ƙarƙashin gado, sai ya miƙa hannu ya karɓa. Hannun da ya saba, bai ma yi shawara da shi ba ya kifa takalmin.

Ƙasan ya cinye.

Ya shafa da babban yatsa, ya sake shafawa. Na dama ya suɗe tas a tsakiya, alamar ƙafar da ke ɗaukar nauyin jiki gaba ɗaya. Na hagu kuwa bakinsa ya goge har zare ya fito, irin gogewar ƙafar da ake ja. Kuma wannan ba aikin ledar ɗaki ba ne. Siminti ne, bakin matakala ne, sau dubbai. Ikon Allah! Ya bi bango da kyar ya ƙwanƙwasa ƙofar Sista, takalmin a hannunsa.

Sista ta dubi takalmin, ta dube shi. "Sai yau? Mai karanta ƙafafun duniya, sai yau ka karanta na gidanka?"

"Gaya mini."

"Kana fita take ɗaura shi. Da tashi-zauna ta fara, wata guda cur. Sannan matakala ɗaya. Ranar da ta yi uku, kuka muka yi ni da ita. Kujerar da kake ta yi mini masifa a kanta, wurin hutawarta ne, duk inda ta kai nan muke ajiye ta. Ta sauka, ta huta, ta hau, ta wanke fuska, ta zauna maka kamar ba ita ba."

"Don me ba ta faɗa mini ba?"

"Cewa ta yi sai ta cinye ƙasan takalmin nan, ta kai maka rumfa da ƙafarta, ta ce, 'Malam, a gyara mini,' ta ga idonka. Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa ba, ko ta kai maka da kanta, ko ka gano da kanka."

"Ina kujerar take yanzu?"

"Fili na ƙarshe. Saura tara."

Mai Takalmi ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka fita da ita. Kunya ta kama shi, mamaki kuma ya fi kunyar yawa. Mace da rabin jiki, matakala ashirin da bakwai, sauka da hawa, shi kuwa ga ƙafa biyu ya zauna yana jiran a kwashe shi! Nan take ya nufi matakala zai sauka. Sista ta damƙo rigarsa.

"Ina zuwa? So kake in kwashe ka a faranti? Yadda ta fara haka za ka fara."

Washegari ta sa aka hauro da kujerar. Ya zauna, ya tashi, sau biyar, gumi na zuba kamar wanda ya yi dako. Ya juya idon sawu, ya riƙe ƙarfen bene ya ɗaga dunduniya. Wata rana jikin ya yarda, wata rana zuciyar ta ƙi, ya ce yau ba zai iya ba. Sista ba ta lallashi. "To yi biyu ka koma ka ci gaba da kukanka," take cewa. Sai ya yi biyun, wani lokaci ya ƙara ɗaya don ya ba ta haushi.

A mako na biyu ya taka matakala. Da ya sunkuya yana haki, sai ya ga wani siririn baƙin layi a bakin simintin, can gefen ƙarfe inda mutane ba sa takawa. Robarsa ce, ko a mafarki ya gan ta zai gane ta. Kowace matakala da nata layin. Daga nan kullum sai ya gaishe su. "Sannu, Maman Auta. A nan ma kin sha wuya." Ya fara cin abinci, barci ya dawo, har ya koma yi wa Sista tsiya a kan takalminta da ya karkace.

Safiyar da Auta za ta zo, ya sa takalmin a jaka ya rataya. Ya sauka a hankali, yana hutawa a kowane fili, har ya kai na ƙarshe. Ya zauna a kujerar da Sista ta mayar can, ya dubi taran da suka rage. Fes suke, babu layi ko ɗaya. Ya daɗe yana kallon su, sannan ya miƙe ya ce, "Taso mu ƙarasa."

Da rana tsaka Auta ta iso rumfar a guje, ta riga ta hau bene ta tarar da ƙofa a kulle. Ta same shi zaune a bencinsa, ya kifa takalmin a kan ƙarfen aiki, ga sabuwar roba a gefe, ga wuƙa a hannunsa.

"Baba! Wa ya sauko da kai?"

"Mamanki."

Ya kama yatsanta ya ɗora a inda zaren ya fito, ya karanta mata duka, matakala bayan matakala. Auta ta durƙusa tana share hawaye, ba ta ƙara tayar da maganar mota ba. Can ta ce, "To gyara mata mana, Baba, tunda abin da ta so ke nan."

Ya ɗaga wuƙar, ya dubi gogaggen bakin nan na hagu, sai ya mayar da ita ya ajiye.

"Shekara biyu ta yi tana wannan aikin," ya ce. "Ban isa in kankare shi ba."