Garin Ƙarin Ƙarfi da Kujerar Hajjina

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ban leƙo nan ba, har wasu sun biyo ni shagon yadina suna cigiya. Ga abin da ya ɓoye ni.

Da na samu kujerar Hajjin bana, sai na fara tattaki kullum da safe, daga Ƙofar Dundaye zuwa Sama Road, don in saba da tafiya. Wani abokin tattakina ya ba ni shawarar wani garin ƙarin ƙarfi da 'yan ɗaga ƙarfe ke sha, da wasu ƙwayoyin ganye. Na saya, ina ta ɗirka safe da yamma.

Bayan mako uku sai kasala da tashin zuciya. Takalmina ya fara matse ni. Na ce zafin Sakkwato ne.

Ranar gwajin lafiyar maniyyata asirina ya tonu. Likita ta daɗe tana duban takardata, ta ce kiriyatinin ɗina ya hau. Wani datti ne a jini da ƙoda ke tacewa, in ya taru, alama ce ƙoda na shan wuya.

"Mi kake sha?"

"Ba ni shan komi, likita," na ce, don ban ɗauki garin a matsayin magani ba.

Matata Luba da ta rako ni ce ta buɗe jaka ta dire robobin garin da ƙwayoyin a kan tebur. "Wanga hwa? Ko tuwo ba ya ci kamar shi."

Likitar ta yi dariya. Ni kuwa wankin ƙoda kawai nake hangowa, da jirgi yana tashi ba ni.

Kwana biyar na yi a gadon asibiti. Ƙarin ruwa, ɗibar jini kowace safiya, hoton ciki, har fitsarina sai an auna. Likitar ta ce garin kan ɗaga lambar gwajin ko da ƙoda lafiya take, amma ƙwayoyin ganyen da ƙarancin shan ruwa sun taɓa tawa da gaske. Sa'ata an gano da wuri.

Na daina komai. Bayan mako huɗu muka koma gwaji. Ta duba, ta ɗago kai ta ce, "Alhaji, tahi ka haɗa kaya."

A nan ofishin na yi sujada. Luba tana kuka tana dariya.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitata da alheri, da ma'aikatan jinya, da ƙanena Sanusi da ya riƙe shago, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Don Allah, duk abin da kuke haɗiya, ko gari ne ko ganye, ku faɗa wa likita kafin a ɗibi jininku. Ku tafi da robar ma. In ƙafa ta kumbura, kada ku jira.

Jibi za mu shiga sansanin alhazai. Wanda na ɓata wa, ya yafe mini.