Mai Waya a Bakin Fili

Magadaliya na zaune kan dutse a bakin filin Gada Biyu, tana jiran ɗanta ya gama atisaye, amma idonta na kan wani mutum da ba ta sani ba. Rigar wasanninsa sabuwa fil, tumbi ya tokare zif, ga takalmin ƙwallo a ƙafar da daga gani ba ta san gudu ba.

Yara sun yi da'ira. Ƙa'idar Koci Dantong ɗaya ce: ka tare ƙwallo da cikin ƙafa, ka miƙa wa na gaba. Amma duk sanda ta iso wurin wani siririn yaro mai jan takalmi, sai mutumin ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, yana daka tsawa.

"Abdulfatah, riƙe ta! Yanke su! Wa zai kai ka Turai don ka iya miƙa wa wani?"

Yaron ya dubi koci, ya dubi uba, ƙwallo ta kufce.

"Oga, bar shi ya koya mana," in ji Dantong.

"Ɗana ne ko naka?"

Magadaliya ta taɓe baki. Ta tabbata mutumin ya riga ya cika unguwarsu da labarin ɗansa ya kusa hawa jirgi.

Yanzu sauran yaran sun gaji. Ƙwallo na zagaya da'ira tana tsallake mai jan takalmin. Abdulfatah na tsaye, ido cike da ƙwalla. Uban bai sauke wayar ba, yana ta ɗaukar ɗansa a tsaye.